Mutumin da Ba Ya Ɗaukar Makami: Aƙidar 'Yan Kweka Game da Yaƙi, da Darasinta ga Ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa



Gabatarwa

Sa'ad da aka nemi in zo in yi wannan lacca, na gaya wa wani tsohon abokin aikina cewa zan yi magana a kan waɗansu Kiristoci 'yan asalin Ingila waɗanda suka haramta wa kansu ɗaukar makami. Sai ya yi dariya, ya ce, "Malam, kai da ka fito daga Tafoki, ka rasa abin da za ka kai wa jama'a sai labarin mutanen da ba su faɗa? To, je ka gaya wa manomin da aka kora daga gonarsa." Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin kuwa tana da nauyi. Wanda aka kashe wa uba, ko aka sayar da hatsin gidansu kaf don a fanso ƙanwarsa daga daji, yana da haƙƙin ya tambayi duk mai wa'azin zaman lafiya: ina ka ke ranar da suka zo?

Saboda haka tun da fari bari in faɗi matsayina. Ni Musulmi ne, kuma ban yarda da cewa kowane irin yaƙi haramun ne ba. Amma na yi imani da cewa al'ummar da ke cikin faɗa tana bukatar waɗansu mutane ƙalilan waɗanda kowane ɓangare ya tabbata ba su da makami, ba su kuma da ribar da su ke nema. Idan aka rasa irin waɗannan mutane, to, ko an yi sulhu ba ya daɗewa. Wannan ita ce maganar da na zo da ita yau. Zan fara da asalin mutanen nan da aƙidarsu, sa'an nan in nuna inda aƙidar ta ci jarrabawa da inda ta faɗi, sa'an nan rawar da suka taka a yaƙin basasar Nijeriya. Daga nan sai mu dawo gida, mu dubi abin da magabatanmu suka bari, da halin da ƙasarmu ta kudancin Katsina ta shiga.

Asalin 'Yan Kweka

Sunan da su ke kiran kansu da shi, shi ne Jama'ar Abokai. Wanda ya kafa su, George Fox, an haife shi cikin shekarar 1624 a tsakiyar Ingila. Ubansa masaƙi ne, shi kuwa ya yi koyon sana'a wurin wani baduku. Ya tashi ne a lokacin da ƙasarsu ta rikice da yaƙin basasa tsakanin sarki da majalisa, wanda ya fara cikin 1642, har aka kai ga sare kan Sarki Charles na Ɗaya cikin 1649. Kowane ɓangare a wannan yaƙi yana riƙe da Littafi guda, kowa kuma yana cewa Allah na tare da shi. Wannan ne ya dami saurayin, ya bar gida yana ɗan shekara 19, yana yawo yana neman malamin da zai kwantar masa da hankali, bai samu ba.

Abin da ya tsaya a kai daga ƙarshe shi ne, akwai wani haske na Ubangiji a cikin zuciyar kowane ɗan Adam, sarki ko bawa, mace ko namiji, mai laifi ko mai gaskiya. Daga wannan tushe guda sauran al'adunsu suka fito. A wancan zamani ba su naɗa limamai, sai su taru su zauna shiru, wanda ya ji an motsa zuciyarsa ya tashi ya yi magana. Ba su cire hula don girmama mai mulki. Ba su rantsuwa ko a gaban alƙali, wai don wanda ya yi rantsuwa ya nuna ke nan maganarsa ta kullum ba abar dogaro ba ce. Ina roƙonku ku riƙe wannan batu na rantsuwa, za mu dawo kansa. Cikin 1650 aka gurfanar da Fox gaban wani alƙali a garin Derby, ya gargaɗi alƙalin da ya yi makyarkyata don tsoron Allah. Alƙalin ya yi masa ba'a ya kira su masu makyarkyata, watau Kweka da Ingilishi, sunan kuwa ya bi su har yau.

Yana cikin kurkukun nan ne, cikin 1651, aka zo aka yi masa tayin muƙamin hafsa a rundunar majalisa, in ya yarda a sake shi. Ya ƙi. Hujjarsa ita ce yaƙi yana da saiwa, saiwar kuwa ita ce kwaɗayi da son zuciya, shi kuma aikinsa yana wajen saiwar ne. Aka ƙara masa waɗansu watanni a ɗakin da ya fi muni. Duk da haka, a wannan lokaci ba dukan mabiyansa suka bar aikin soja ba. Sai cikin Janairun 1661, bayan an mai da sarauta, wata ƙungiya dabam ta yi tawaye a Landan, gwamnati ta haɗa da 'yan Kweka ta kulle fiye da 4,000 daga cikinsu. Nan ne Fox da mutum 11 suka rubuta wa Sarki Charles na Biyu takarda, suka bayyana cewa sun bar yaƙi da makami baki ɗaya, ko don mulkin duniya ko don addini. Sun dogara ga koyarwar Annabi Isa, alaihis salam, kamar yadda ta zo a Linjilar da ke hannunsu, cewa mutum ya ƙaunaci maƙiyinsa. Tun daga wannan takarda ƙin yaƙi ya zama alamarsu.

Inda Aƙidar ta Gamu da Jarrabawa

Faɗar magana a kurkuku daban, riƙe ta a kan karagar mulki daban. Cikin 1681 sarkin Ingila ya ba wani ɗan Kweka mai suna William Penn wata ƙasa mai faɗi a Amurka, ita ce Fensilbaniya, wadda babban birninta a lokacin shi ne Filadelfiya. Penn ya ƙi kafa rundunar soja. Ya zauna da 'yan asalin ƙasar, ƙabilar Lenape, ya riƙa biyansu kuɗin filin da ya karɓa. Aka yi kusan shekara 70 ba yaƙi tsakaninsu, alhali maƙwabtansu suna ta zub da jini.

To, me ya rushe wannan zama? Cikin 1737, bayan mutuwar Penn, 'ya'yansa suka fito da wata tsohuwar takarda, suka ce an sayar wa ubansu fili iyakar tafiyar da mutum zai yi a yini ɗaya da rabi. Suka sa aka share hanya tun da wuri, suka yi hayar masu gudu, suka mallake fiye da eka 1,000,000. Mutanen Lenape suka haɗiye, amma ba su manta ba. Cikin 1755, da yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Faransa, suka far wa ƙauyukan baƙin da ke bakin iyaka. Talakawan ƙauyukan suka yi ta kuka suna cewa 'yan majalisa na zaune lafiya a birni suna tsarkake hannuwansu, su kuwa ana kashe su. Cikin 1756 gwamna ya shelanta yaƙi, manyan 'yan Kweka 6 suka ajiye kujerunsu na majalisa, mulkinsu a ƙasar ya kama hanyar ƙarewa.

Akwai darasi biyu a nan. Na farko, zaman lafiyar bai mutu ranar da aka harba bindiga ba, ya mutu ne shekara 18 kafin nan, ranar da aka ci amana a kan fili. Na biyu, da suka sauka daga kujerunsu, sun nuna da aikinsu cewa mai riƙe da mulki yana da nauyin tsare rayukan talakawa, wanda mai aƙida irin tasu ba zai iya ɗauka ba.

A yaƙin duniya na farko ma an sake gwada su. Cikin 1916 Ingila ta tilasta wa samari shiga soja. Kimanin mutum 16,000 suka ƙi saboda imaninsu, 'yan Kweka na cikinsu, waɗansu suka sha ɗauri. Amma wajen kashi ɗaya cikin uku na samarinsu da suka isa soja sun sa kaki, domin zuciyarsu ba ta ba su su zauna ba. Waɗansu kuma suka bi hanya ta tsakiya, suka kafa ƙungiyar ɗaukar masu rauni tun 1914, suna shiga fagen fama ba makami. Da aka gama yaƙi, sai suka tafi Jamus, ƙasar abokan gaba, suka ciyar da yaran da yunwa ta kama, har adadin ya kai kimanin yaro 1,000,000 a rana. A zamanin Hitler sun taimaka wajen fitar da yaran Yahudawa kimanin 10,000 zuwa Ingila cikin 1938 da 1939. Amma gaskiya ita ce sojoji ne suka rushe mulkin Hitler. Cikin 1947 aka ba ƙungiyoyinsu biyu na agaji, ta Ingila da ta Amurka, lambar Nobel ta zaman lafiya. Yawansu a duniya bai kai rabin miliyan ba, kuma ƙasar da ta fi kowace yawansu ita ce Kenya, inda suka sauka cikin 1902.

'Yan Kweka a Yaƙin Basasar Nijeriya

Wataƙila da yawa daga cikin ɗaliban da ke nan ba su taɓa jin cewa mutanen nan sun shiga tarihin ƙasarmu ba. Yaƙin basasa ya fara ran 6 ga Yuli 1967, ya ƙare cikin Janairun 1970. A tsawon wannan lokaci akwai 'yan Kweka uku, Adam Curle da John Volkmar da Walter Martin, waɗanda suka yi ta kai da kawowa tsakanin Janar Yakubu Gowon a Ikko da Odumegwu Ojukwu a ɓangaren Biyafara. Curle malami ne a Jami'ar Harvard, kuma tsohon hafsa ne a yaƙin duniya na biyu, watau ya san abin da ya bari. Volkmar kuwa ya daɗe yana shirya tarurrukan tattaunawa ga ma'aikatan ƙasashen Afirka ta Yamma, saboda haka tun kafin yaƙi ya saba da manyan ma'aikata daga ɓangarorin biyu. Daga cikin waɗanda suka riƙa hulɗa da su a Ikko akwai Malam Hamzat Ahmadu, mutumin Sakkwato, babban sakataren Gowon.

Mene ne aikinsu? Ba su da soja, ba su da kuɗin ba da rance, ba wata gwamnati da ta aiko su. Abin da su ke da shi kurum shi ne amana. Su kan ɗauki saƙo daga wannan su kai wa wancan yadda aka faɗa, ba ƙari ba ragi. Su kan shiga jirgin agaji da dare su sauka a yankin da a ke yi wa ruwan bom. Muhimmin abin da suka yi shi ne gaya wa kowane ɓangare abin da ba ya son ji. A Ikko sun nace cewa tsoron da Ibo ke ji na a hallaka su duka tsoro ne na gaske, wanda ya samo asali daga kashe-kashen 1966, ba farfaganda ce kawai ba. Sun kuma kai ƙarar jiragen da ke jefa bom a kan farar hula. A Biyafara kuwa sun nace cewa Gowon ba shi da niyyar ƙare Ibo. Ba su kira 'yan jarida ba, ba su nemi a san su ba. A lokaci guda kuma ƙungiyarsu ta agaji tana aiki a ɓangarorin biyu na fagen daga.

Shin sun tsai da yaƙin? A'a. An zauna a Kamfala cikin Mayun 1968, an zauna a Yamai cikin Yuli, an zauna a Adis Ababa cikin Agusta, duka ba a daidaita ba. Yaƙin ya ƙare ne sa'ad da ƙarfin Biyafara ya ƙare. Amma ku dubi yadda ya ƙare. Kisan kiyashin da duniya ta yi tsoro bai auku ba, Gowon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. Yabon wannan na Gowon ne da waɗanda ke tare da shi. Abin da zan ce game da baƙin nan uku shi ne, sun yi kusan shekara uku suna hana ƙofa rufewa, suna tuna wa kowane shugaba cewa wanda ke ɗaya gefen mutum ne mai tsoro kamarsa. Daga baya, cikin 1973, Curle ya zama shehun malami na farko a fannin nazarin zaman lafiya a Jami'ar Bradford ta Ingila.

Abin da Mu Ke da Shi a Gida

Kada wani ya ɗauka sai mun je Ingila aro. Musulunci bai haramta yaƙi ɗungum ba. Suratul Hajji ta yi izini ga waɗanda aka zalunta su kare kansu. Amma Suratul Anfali ta yi umurni da karkata ga sulhu idan abokin gaba ya karkata. Suratul Hujurati kuwa ta jera matakai: idan ɓangarori biyu na muminai suka yi faɗa a sulhunta su, idan ɗaya ya ƙetare iyaka a yaƙe shi har ya dawo, in ya dawo a sulhunta da adalci. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi shekara 13 a Makka bai ɗauki makami ba, kuma a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, ya karɓi sharuɗɗan da waɗansu sahabbai suka ga kamar ƙasƙanci ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara 30 yana wa'azi da karantarwa kafin hijira zuwa Gudu cikin 1804. Har bayan an fara jihadi, malamai ba su daina muhawara a kan halaccinsa ba. Malaman 'Yandoto, nan kusa da mu ta wajen Tsafe, sun ƙi goyon baya, kuma wasiƙun da aka yi musanya tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno suna nan a rubuce.

Mafi kusa da aƙidar Kweka a Afirka ta Yamma ita ce koyarwar Alhaji Salim Suwari, wani babban malami na ƙasar Mali ta dā. Almajiransa, waɗanda a ke kira Jahanke, dangin Wangarawan nan ne da suka kawo ilmi Kano da Katsina. Sun ɗauki ƙa'idar cewa malami ba ya yaƙi, ba ya neman sarauta, aikinsa karatu da noma da kyakkyawan hali, shiriya kuwa ta Allah ce. Saboda wannan ne sarakunan da ke gaba da juna su kan amince da su, su yi musu jakadanci. Lamin Sanneh, masanin tarihi ɗan Gambiya, ya yi rubutu mai yawa a kansu.

A ɓangaren Kiristocin Arewa kuma akwai Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta samo asali a Garkiɗa cikin 1923. Tana cikin coci-coci uku da aka sani da ƙin yaƙi, tare da Kweka da Menonayit. Yawancin 'yan matan Cibok 276 da aka sace cikin Afrilun 2014 'ya'yan wannan coci ne, kuma shugabanninta sun ci gaba da hana mabiyansu ramuwa.

Ko a ƙauye muna da namu. Ina yaro a Tafoki na sha ganin shanu sun yi ɓarna a gona. Mai gari ya kan aika a kira arɗo, a tafi da dattawa biyu ko uku, a auna ɓarnar da ido, a yanka abin da za a biya, kafin la'asar an gama. Ba wanda ke zuwa da sanda wurin nan. Dattawan ba su da ko sisi a ciki, shi ya sa a ke jin maganarsu.

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Yanzu sai mu auna abin da ya faru a ƙasarmu da wannan ma'auni. Abin da ya fara da satar shanu a dazuzzukan Rugu da Kogo da na Zamfara ya zama kisa da ramuwar kisa tsakanin 'yan bindiga da 'yan sa-kai, daga nan ya zama satar mutane don kuɗin fansa. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu na farko, aka yi bikin ajiye makamai a Ƙanƙara a farkon 2017. Bai daɗe ba. Cikin Satumban 2019 gwamna da kansa ya shiga ƙananan hukumomi 8 na bakin daji, har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, ya zauna da shugabannin 'yan bindiga. Cikin Yunin 2020 ya ce an ci amanarsa, ya janye. A wannan wata ne aka kashe mutane da dama a Kadisau ta ƙasar Faskari. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 ran 17 ga wata ta hanyar tattaunawa. Wanda ya jagoranci satar, Auwalun Daudawa, ya miƙa makamai a Gusau cikin Fabrairun 2021, ya rantse da Alƙur'ani, kafin wata uku ya koma daji, can aka kashe shi. Cikin Satumban 2021 aka katse wayar tarho aka rufe kasuwannin dabbobi na ɗan lokaci. Cikin Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha. Cikin 2025 kuma jama'ar ƙananan hukumomi da dama, har da namu uku, suka sake zaman sulhu da mutanen daji. Watau mun gwada sulhu, mun gwada ƙarfi, mun sake komawa sulhu. Me tarihin Kweka zai ƙara mana?

Abu na farko shi ne a raba aiki biyu. Aikin hukuma ne ta tsare rai da dukiya, da ƙarfi in ta kama, bisa doka. Wannan 'yan Kweka da kansu sun bar wa wasu cikin 1756. Aikin mai shiga tsakani daban ne. Idan mai bindiga da baitulmali shi ne kuma ke zaune a tabarmar sulhu, zaman ya kan koma ciniki: nawa za a ba ni in ajiye? Mai shiga tsakani na gaske shi ne wanda ba ya neman ƙuri'a, ba ya jiran kwangila, ba shi da kaso a kuɗin fansa. Muna da malamai da dattawa da arɗaɗɗai masu wannan hali. Abin da su ke bukata shi ne a tsare mutuncinsu, kada a kira su 'yan leƙen asiri don sun shiga daji, kada kuma a lalata su da ambulan.

Abu na biyu shi ne batun rantsuwa da na ce ku riƙe. Mun ga an dafa Alƙur'ani gaban 'yan jarida, an kuma warware. Amana ba ta ginuwa a biki na yini ɗaya. Tana ginuwa ne da ƙananan alkawura waɗanda a ke iya dubawa: a buɗe wannan hanya, a bar mutanen wannan ƙauye su yi shuka, a sako waɗanda a ke tsare da su, a bar Bafulatani ya shiga kasuwar Sheme ya fita lafiya. In an cika ɗaya, a ɗora na biyu. Alkawarin da hukuma ta ɗauka kuma, na makaranta ko asibiti ko madatsar ruwa, shi ma alkawari ne, saɓa shi cin amana ne.

Abu na uku shi ne saiwa, kuma a nan ne maganata ta fi shafar ma'aikata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Burtalin da aka nome, da makiyayar da aka yanka aka raba wa manya, da shari'ar ɓarna da aka ja har makiyayi ya sayar da shanu biyar a kan laifin da bai kai ɗan maraƙi ba, da wanda aka kashe a kasuwa don kamanninsa ba a tuhumi kowa ba, duk waɗannan da hannun wani ma'aikaci a ciki, ko da sa hannu ko da kau da kai. Ban ce wannan ya wanke wanda ya ƙone ƙauye ba. Ta'addancin ya riga ya zama sana'a ga waɗansu, kuma irin waɗannan sai hukunci. Amma sana'ar tana samun sababbin yara ne daga inda aka yi zalunci aka rasa wurin kai ƙara. Takardar filin da za ku sa wa hannu bana tana iya zama yaƙin shekara 18 masu zuwa, kamar yadda ta zama a Fensilbaniya.

Abu na huɗu shi ne waɗanda aka cuta. Duk sulhun da ya karrama mai bindiga ya manta da matar da aka kashe wa miji, to, ya koya wa yara cewa bindiga ita ce hanyar samun girma. Dole a ji ta bakin waɗanda aka zalunta, a yi maganar diyya da mai da abin da aka ƙwace. Sa'an nan a tuna da yaran Jamus da aka ciyar. Yaron da aka haifa a daji, bai ga allo ba, bai ga allurar rigakafi ba, bai san wani aiki ba sai riƙon bindiga, ba shi ya fara faɗan nan ba. Idan ba mu kai masa malami ba, shi zai zo mana.

Kammalawa

Na koma wurin abokin nan nawa na gaya masa amsata. Ba zan ce wa manomin Tafoki ya miƙa wuya ga mai yanka shi ba, addinina ma bai ce haka ba. Amma zan gaya masa cewa ranar da aka sako yaran Ƙanƙara, wani ne ya yi magana da waɗanda suka sace su, kuma duk ranar da wannan fitina za ta ƙare, sai an sami waɗanda za su iya shiga tsakanin gari da daji hannu sake, a kuma yarda da maganarsu ba tare da rantsuwa ba. Irin waɗannan mutane ba a naɗa su da takarda. Gaskiyar shekara da shekaru ce ke yin su, a ofis da kotu da aji da kasuwa. Ku ɗalibai, a cikinku za a nemi irinsu nan gaba. Ku ma'aikata kuwa, kun riga kun fara rubuta shaidar da za a duba.

Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mai da waɗanda ke gudun hijira gidajensu, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.